Inuwar Bagaruwa: Alfanu da Illolin Daɗewa a Aikin Babban Kamfanin Fasaha

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a wannan jami'a tamu ta Jihar Nasarawa da ke Keffi, abu biyu ne ke hana shi barci: yadda zai kammala kundinsa, da kuma inda zai sa kansa bayan bautar ƙasa. A da, idan aka tambayi ɗalibi burinsa, sai ya ce aikin gwamnati ko na banki. A yau kuwa hankalin da yawa daga cikinmu ya koma ga kamfanonin fasaha, tun daga waɗanda muke gani a gida irin su MTN da Airtel da Glo, har zuwa na ƙetare irin su Google da Microsoft. Kusancin Keffi da Abuja, tafiyar kimanin kilomita 50, ya ƙara wa wannan buri ƙarfi, domin kullum muna ganin masu sammako suna bi ta Masaka da Mararaba zuwa ofisoshin birnin tarayya.

Yadda za a sami aikin shi ne abin da aka fi tattaunawa a tsakaninmu. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne, idan an samu, shekara nawa ya kamata a yi a wurin? Shin mutum ya kafa turke har tsufa, ko ya yi 'yan shekaru ya ƙara gaba? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nazarin wannan tambaya. Za a fara da bayanin muhimman kalmomi, a kawo taƙaitaccen tarihi, sannan a jero alfanu da illoli tare da misalai. Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, ana auna amfanin daɗewa ne da abin da ma'aikaci zai iya fita da shi ranar da ya miƙa katin shaidar aikinsa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar "fasaha" Hausa ta aro ta ne daga Larabci, inda take nufin iya magana da fito da ita sarai. Bahaushe ya faɗaɗa ta zuwa gwaninta a kowace irin sana'a, sannan a zamanin nan aka ɗora mata ma'anar ilmin ƙere-ƙere da na'urori. Saboda haka idan aka ce "kamfanin fasaha" a wannan maƙala, ana nufin kamfanin da jarinsa da cinikinsa suka dogara ga na'ura da manhaja da intanet. Za a iya kasa irin waɗannan kamfanoni gida uku:

(a) Kamfanonin sadarwa, kamar MTN da Airtel da Glo.

(b) Kamfanonin manhaja da intanet, kamar Microsoft da Google da Amazon da Meta, mai Facebook da WhatsApp.

(c) Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta na'ura, kamar Interswitch da Flutterwave da Moniepoint.

Ana kiran kamfani "babba" idan masu hulɗa da shi sun kai miliyoyi, kuma akasari akan yanke manyan shawarwarinsa ne a wata hedikwata mai nisa da ƙaramin ma'aikaci, a Legas ko Johannesburg ko Amurka.

Ita kuwa "daɗewa", ma'anarta a nan ta bambanta da wadda iyayenmu suka sani. A aikin gwamnati, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a yi ritaya bayan shekara 35 ana aiki, ko kuma in an cika shekara 60 da haihuwa. Amma Google a 1998 aka kafa shi, Facebook kuma a 2004, MTN ya fara aiki a Nijeriya a 2001. Ke nan babu wanda ya taɓa yin shekara 35 a ɗayansu. A wannan fage, wanda ya yi shekara 8 zuwa 10 a wuri guda ya shiga sahun waɗanda suka daɗe.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi: Daga NITEL Zuwa Wayar Salula

Masu iya magana na cewa daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Babban kamfanin fasaha na farko da 'yan Nijeriya suka yi tururuwar shiga shi ne NITEL, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1985. A farkon zamaninsa shi kaɗai ne ke da ikon ba da layin tarho, kuma samun layi sai mai uwa a gindin murhu. Ma'aikacin NITEL mutum ne da ake ji da shi a gari, ana kuma ganin aikinsa ba shi da ranar ƙarewa. Duk da haka, har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'arta sun haura miliyan 100.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda aka sayar da kowane lasisi a kan dala miliyan 285. A watan Agustan wannan shekara MTN da Econet suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003 da tsarin cajin kira a kan daƙiƙa. Layin da aka riƙa saye a kan naira 20,000 ko fiye ya dawo abin da ɗan makaranta zai iya mallaka. A shekarar 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

To ina aka bar NITEL? An ba kamfanin Pentascope riƙonsa a 2003, aka soke yarjejeniyar a 2005. An sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009. Daga ƙarshe aka rushe shi, aka miƙa kadarorinsa ga NATCOM a 2015 a kan dala miliyan 252. A tsakanin waɗannan shekaru dubban ma'aikata sun rasa aiki, wasu sun yi watanni ba albashi, tsofaffin ma'aikata kuma sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na fansho.

Sababbin kamfanonin ma ba su zauna wuri guda ba. Econet ya koma Vmobile a 2004, ya koma Celtel a 2006, ya koma Zain a 2008, sannan ya zama Airtel a 2010. Wanda aka ɗauka aiki a 2001 ya kuma zauna har 2010, ya yi wa iyayen gida daban-daban aiki ba tare da ya canza kujera ba. Haka nan Etisalat, wanda ya shigo a 2008, ya koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashin dala biliyan 1.2 da ya ci daga wasu bankuna 13. Da wannan tarihi a zuciya za mu dubi alfanu da illoli.

4.0 Alfanun Daɗewa

4.1 Albashi a Kan Kari

A ƙasar da ma'aikatan wasu jihohi da ƙananan hukumomi suka sha bin bashin albashi, samun wurin da ake biya a ƙarshen kowane wata ba ƙaramin abu ba ne. Babban kamfani yana da ƙarfin da zai jure girgizar da za ta kayar da ƙarami. A watan Oktoban 2015 hukumar NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka fiye da miliyan 5 da ba a yi wa rajista ba, daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 330. Haka kuma bayan faɗuwar darajar naira, kamfanin ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024. Duk da haka bai rufe ba. Kaso kaɗan na irin wannan asara ya isa ya shafe ƙaramin kamfani da duk ma'aikatansa. Wanda ya daɗe a irin wannan inuwa yana iya tsara rayuwarsa: ya yi aure, ya sayi fili, ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, banki ma ya yarda ya ba shi rance.

4.2 Fansho da Inshora

Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma ma'aikaci a cire masa kashi 8. Ta kuma wajabta inshorar rai wadda ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Manyan kamfanoni sun fi ƙanana kiyaye wannan doka, domin idon hukuma da na masu hannun jari yana kansu. Bugu da ƙari, sukan biya wa ma'aikaci da iyalinsa inshorar lafiya. Abin lura a nan shi ne, asusun fansho na wannan tsari da sunan ma'aikaci aka buɗe shi, kuma yana bin sa duk inda ya koma. Wannan shi ne babban bambancinsa da tsohon tsarin da ya bar ma'aikatan NITEL a rana.

4.3 Horo da Ƙwarewa

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai ilmin da ba a samunsa a aji, sai a wurin da ake yi wa miliyoyin mutane hidima a lokaci guda. Yadda ake gano dalilin ɗaukewar sabis a gari guda cikin dare, da yadda ake tsara kasafin aiki, da yadda ake shawo kan abokin hulɗa da ya fusata, duk sai an zauna an ga shekara ta zagayo sau da yawa kafin a naƙalce su. Wanda yake tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan duk shekara yakan ga farkon ayyuka da yawa, amma ba ya ganin ƙarshen ko ɗaya, balle ya san ko shawarar da ya bayar ta haifar da ɗa mai ido. Har ila yau, manyan kamfanoni sukan ɗauki nauyin kwasa-kwasai da jarrabawar ƙwararru waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin sabon ma'aikaci.

4.4 Ƙarin Girma

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Satya Nadella ya shiga Microsoft a 1992, ya zama shugabansa a 2014, wato bayan shekara 22. Sundar Pichai ya shiga Google a 2004, ya zama shugabansa a 2015. A nan gida, Karl Toriola ya shiga MTN a 2006, ya zama shugaban MTN Nijeriya a 2021. Waɗannan misalai sun nuna cewa manyan kamfanoni sukan damƙa ragama ga ɗan gida wanda ya san lungu da saƙo. Sai dai a tuna cewa kujerar shugaba guda ɗaya ce, masu jiran ta kuwa dubbai.

4.5 Suna da Jama'a

Sunan babban kamfani a takardar neman aiki yana buɗe ƙofofi. Haka kuma abokan aikin da mutum ya yi shekaru da su sukan watsu zuwa wasu wurare, su zama masu kiran sa idan dama ta samu. Hausawa sun ce jama'a rahama ce, kuma a fagen aiki ana ganin gaskiyar wannan magana ƙarara.

5.0 Illolin Daɗewa

5.1 Girman Kamfani Ba Ya Hana Sallama

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka cewa tunda kamfani ba zai faɗi ba, ma'aikaci ma ba zai faɗi ba. A watan Nuwamban 2022 Meta ya sallami ma'aikata 11,000, ya kuma sanar da sallamar wasu 10,000 a watan Maris na 2023. A watan Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. Amazon ya rage kimanin 27,000 a tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023. Cikin waɗanda abin ya shafa har da masu shekaru fiye da 10 a bakin aiki, kuma wasu daga cikin kamfanonin suna cin riba a lokacin.

Kada a ce wannan labarin Amurka ne kawai. Twitter ya buɗe ofishinsa na Afirka a Accra ta ƙasar Ghana, amma a watan Nuwamban 2022, jim kaɗan bayan Elon Musk ya sayi kamfanin, aka sallami kusan dukkan ma'aikatan ofishin. Microsoft ya sanar a 2019 cewa zai kafa cibiyoyin injiniyoyi a Nairobi da Legas, sai ga shi a 2024 ya rufe ta Legas. A duk waɗannan misalai, shawarar daga nesa ta zo, kuma ƙwazon ma'aikaci bai hana ta ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi sanarwar wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye, ko a biya shi kuɗin watan a maimakon sanarwa. Wato wanda ya yi shekara 5 da wanda ya yi 20 duk ɗaya ne a wannan ma'auni. Su kuwa ƙwararru da masu muƙamin gudanarwa, abin da ke rubuce a takardar ɗaukarsu aiki shi ne madogararsu idan an je Kotun Ma'aikata.

5.2 Ƙuntatar Ƙwarewa

A babban kamfani akan yanka aiki gunduwa-gunduwa, a ba kowa ɗan yankinsa. Mutum yana iya shafe shekara 10 yana sarrafa wata manhaja da babu mai amfani da ita sai wannan kamfani. A cikin gida ana kiran sa gwani, amma ranar da ya fita sai ya tarar kasuwa ba ta san hajarsa ba. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Fasaha kuma ba ta jiran kowa. Akwai lokacin da a ƙasar nan idan aka ce waya to Nokia ake nufi. A 2014 Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia, a wannan shekara kuma ya sanar da rage ma'aikata 18,000, waɗanda kimanin 12,500 daga cikinsu daga ɓangaren Nokia suke. Injiniyan NITEL da bai san komai ba sai wayar tarho ta jan ƙarfe, irin wannan hali ya shiga bayan 2001. Wanda ya koyi sabuwar fasaha da wuri kuwa, sababbin kamfanonin ne suka riƙa neman sa.

5.3 Talala Mai Kamar Sake

Makiyayi yakan ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi ta kiwo tana ganin kamar a sake take, sai ta yi nisa igiya ta tuna mata. Manyan kamfanoni suna da irin wannan igiya. A ƙasashen waje sukan ba ma'aikaci hannun jari, amma ba zai mallake shi duka ba sai bayan shekaru, galibi 4. An san Amazon da tsarin ba da kashi 5 cikin 100 a shekarar farko, 15 a ta biyu, sannan 40 a ta uku da 40 a ta huɗu. Kafin wancan ya nuna an ɗora masa wani sabo, saboda haka kullum akwai abin da zai yi asara idan ya tafi. A nan gida igiyar takan zo ne a sifar rancen mota ko na gida da ake cirewa daga albashi, da kuma salon rayuwar da mutum ya saba wa kansa da iyalinsa. Da yawa suna zaune a wurin da ransu ya daɗe da fita, ba don komai ba sai don ba za su iya biyan kuɗin tashi ba.

5.4 Ma'aikaci da Ɗan Kwantiragi

Wannan batu ya fi kowanne shafar mu. Ba duk wanda ya sa rigar kamfani ne ma'aikacin kamfanin ba. Manyan kamfanoni sukan miƙa wasu ayyuka ga 'yan kwangila, kamar amsa kiran abokan hulɗa, da rajistar layi, da tallace-tallace, da kula da turakun sadarwa. Misali, a 2014 MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa turakunsa kimanin 9,000 ga kulawar kamfanin IHS. Wanda ɗan kwangila ya ɗauka yana iya yin shekara 10 yana amsa waya da sunan babban kamfani, alhali albashinsa da alawus ɗinsa da damar ƙarin girmansa ba su kama ƙafar na ma'aikacin dindindin ba. Idan kwangila ta ƙare, aikinsa ya ƙare. Zanen aro ba ya rufe katara. Yawancin alfanun da aka lissafa a sama ba su kai ga irin wannan ma'aikaci ba, illolin kuwa duk suna hawa kansa.

5.5 Nauyi a Kan Lafiya da Zumunci

Sadarwa ba ta barci, saboda haka masu yi mata hidima ma barcinsu ragagge ne. Akwai aikin dare, akwai adadin cinikin da dole a cika duk wata, akwai kiran gaggawa ranar hutu. Ga wanda ya zauna a Keffi ko Masaka saboda tsadar haya a Abuja, sai a ƙara masa da cunkoson Mararaba da Nyanya safe da yamma. Shekara 1 ko 2 a haka mai sauƙi ce ga matashi. Shekara 15 kuwa takan bar tabo a jiki, ta kuma nisanta mutum da biki da ta'aziyya da sauran hidimomin dangi, waɗanda su ne za su karɓe shi ranar da aikin ya ƙare.

6.0 Matsayin Ɗalibin Hausa

Mai karatu zai iya cewa, mu da muke nazarin nahawu da adabi, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu kuwa da yawa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016. Kamfanonin sadarwa suna da sashen amsa kira da Hausa, suna kuma buƙatar masu rubuta musu talla da saƙonni. Masu gina ƙirƙirarriyar basira suna neman waɗanda za su fassara rubutu, su tace shi, su kuma ɗauki murya. A jiha irin tamu, inda ɗalibi kan tashi da Eggon ko Mada ko Gwandara ko Alago ko Gbagyi a gida, ya haɗa da Hausa da Turanci, akwai masu harshe uku da yawa, kuma wannan jari ne.

Sai dai akasarin waɗannan ayyuka na harshe ta hannun 'yan kwangila suke zuwa, wasu ma na 'yan watanni ne. Don haka bayanin da aka yi a 5.4 ya zama wajibi a gare mu. A ɗaya ɓangaren kuma, muna da wata fa'ida da injiniyan manhaja guda ba shi da ita. Ƙwarewa a ƙa'idojin rubutun Hausa da fassara da ƙirƙirar kalmomi ba mallakar wani kamfani ba ce. Wanda ya iya ta zai iya kai ta gidan rediyo, ko kamfanin ɗab'i, ko ƙungiyar agaji, ko aji. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

7.0 Ma'aunin Zama ko Tashi

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa abin da ma'aikaci ke samu iri biyu ne. Akwai wanda zai bari a bakin ƙofa: muƙami, da mota, da kwamfutar ofis, da inshorar lafiya, da girmamawar da ake yi masa saboda sunan kamfani. Akwai kuma wanda zai fita da shi: ƙwarewa, da takardun shaidar ƙwararru, da asusun fansho, da ajiya, da mutanen da suka yarda da shi. Daɗewa tana da amfani matuƙar kashi na biyu yana ƙaruwa. Tosin Eniolorunda ya yi shekaru yana aiki a Interswitch, sannan a 2015 ya fita ya kafa kamfanin da ya zama Moniepoint, wanda na'urorinsa na cirar kuɗi suke ko'ina a kasuwanninmu. Zamansa ya ba shi ilmin, ilmin kuma ya bi shi waje.

Saboda haka ana ba ma'aikaci shawara ya riƙa yi wa kansa waɗannan tambayoyi a ƙarshen kowace shekara:

(a) Sunan wane ne a saman takardar ɗaukata aiki, babban kamfani ko ɗan kwangila?

(b) Me na koya a bana wanda wani wuri zai biya ni saboda shi?

(c) Shin kuɗin fanshona suna shiga asusuna? Na duba da idona?

(d) Idan aka sallame ni gobe, wata nawa ajiyata za ta riƙe gidana?

(e) Zamana a nan don ina ƙaruwa ne, ko don bashi da tsoro?

Game da tambaya ta huɗu, yana da kyau a san cewa dokar fansho ta yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Wannan tallafi ne na ɗan lokaci, ba zai maye gurbin ajiya ba. Idan amsoshin suka yi daɗi, to a zauna, domin tashi ba dalili sakin reshe ne a kama ganye. Idan kuwa shekara 2 ko 3 suka wuce a jere babu amsar tambaya ta biyu, lokaci ya yi da za a nemi canjin sashe a cikin kamfanin, ko a fara duba waje tun albashi yana shigowa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin bayyana ma'anar babban kamfanin fasaha, ta bi tarihin sadarwa a Nijeriya daga NITEL zuwa zamanin wayar salula, sannan ta kawo alfanu biyar da illoli biyar na daɗewa a irin wannan aiki. An ga cewa akwai albashi a kan kari da fansho da horo da damar ƙarin girma, akwai kuma sallamar ba-zata da ƙuntatar ƙwarewa da talala da matsalar kwantiragi. Wannan ne ya sa aka kira aikin inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. 'Yan'uwa ɗalibai da za su fita bana, idan aka miƙo muku takardar ɗaukar aiki, ku karanta ta tun daga sunan da ke sama har zuwa sharuɗɗan sallama kafin ku sa hannu. Waɗanda suka rage a makaranta kuma, su riƙi darasin fassara da na ƙa'idojin rubutu da muhimmanci, su haɗa da koyon kwamfuta tun yanzu.